Nasiha ga masu jiran kiran intabiyu

Assalamu alaikum warahmatullah. Wannan magana tawa da ku nake ƙannena da kuka karanta harkar kasuwanci, akanta ne ko banki ko gudanarwa, na KASU jami'ar jihar Kaduna da na Kadpoly can Unguwar Rimi da waɗanda suka sauko daga ABU Zariya, musamman wanda ya gama bautar ƙasa alawus ya tsaya, yanzu bankuna da kamfanoni sun buɗe ɗaukar sabbin ma'aikata kowa ya cike fom ya zauna yana gadin waya.

Na san yadda lokacin nan yake. Guruf ɗin aji da a da ba a barci saboda surutu sai ka ga ya yi tsit, wani ya sa sitatus Alhamdulillah an kira shi horo a Legas, kai kuma imel ɗin da ya shigo maka na ban haƙuri ne, ko ma ba a amsa ba kwata-kwata, kuma mutumin nan kai ka riƙa koya masa lissafi daren jarrabawa. Ka rubuta masa Allah sanya alheri amma kai ka san abin da ya tokare maka ƙirji. To a nan jarrabawar gaske take, wadda ta fi ta kwamfuta da kuka je kuka zana. Jin zafin kansa ba zunubi ba ne, ɗan Adam ne kai. Inda matsalar take shi ne ka bar shi ya kwana ya tashi har ya koma hassada, ka fara cewa ai hanya gare shi, ai kawunsa ne, ka daina ɗaga wayarsa, abotar shekara huɗu ta mutu a kan takarda ɗaya. Allah ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 32 kada mu yi burin abin da Ya fifita wasunmu da shi a kan wasu, a ƙarshen ayar kuma Ya ce mu roƙe Shi daga falalarSa. Gurbin abokinka ba naka aka ba shi ba. Hadisin Ibn Mas'ud da ke Bukhari da Muslim ya gaya mana tun muna ciki aka aiko mala'ika ya rubuta arzikin kowa da ajalinsa.

Ku koma Suratul Ƙasas ku karanta labarin Annabi Musa (AS) a Madyana a natse. Mutum ne ya fito a tsorace, ba guzuri ba masauki ba wanda ya sani, ya tarar da mata biyu sun ja gefe da dabbobinsu ya shayar musu bai nemi ko kwabo ba, ya koma inuwa ya ce Rabbi inni lima anzalta ilayya min khairin faƙir, aya ta 24. Bai jima ba aka aiko kiransa, ɗaya daga cikinsu ta ce wa mahaifinta ya ɗauke shi aiki domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi amintacce, ga aiki na shekara takwas ko goma ga aure ga wurin zama. Abin da nake so ku lura, taimakon da ya yi yana cikin halin da shi ma yake neman taimako ne. Kai da ba ka samu ba tukuna, in ka ga tallar aiki tura wa ɗan ajinku, ka duba masa takardunsa, kada ka ɓoye don kar ya riga ka.

Kuma mu faɗi gaskiya, ba duk rashin samu ne gazawarka ba. Iyayenmu a garin nan na Kaduna sun ga lokacin da Kakuri take cike da ma'aikata, masaƙar KTL tun 1957 take aiki har ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta biyo baya a 2007, ga Peugeot ga matatar mai, duk inda mai takardar akanta zai shiga ya zauna ne. Yau makarantu sun ƙaru masu fita sun ninka wuraren kuma sun ragu. Ga sharuɗɗan da wasu bankuna ke gindayawa, kar ka wuce shekara 26 ko 27, alhali yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, mai HND kuma har yau wasu wuraren kallon na biyu suke masa. Wannan ba laifinka ba ne balle ka zauna kana cewa da na yi kaza da kaza ya faru, Manzon Allah (SAW) ya ce irin wannan "da" ɗin tana buɗe aikin Shaiɗan, ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka ka nemi taimakon Allah kada ka gajiya.

Amma don Allah kar matsin ya kai ka kotu ka je ka yi rantsuwar rage shekaru, ko ka sa Baba ya sayar da fili a Rigasa a sayi gurbi. An la'anci mai ba da cin hanci da mai karɓa, kuma da yawan masu cewa kawo kuɗi ga takardar kama aiki ƴan damfara ne kawai. Albashin da za ka ciyar da iyali da shi shekara talatin ka fara shi da ƙarya?

Ku kuma da Allah ya ba, a yi godiya amma a sassauta. Ba dole sai an sa hoton takardar da katin aiki da kujerar ofis duk a rana ɗaya ba, akwai wanda yake kallo bai ci abincin kirki ba saboda damuwa. Kira shi, kar ka jira shi ya kira ka, kunya ce take hana shi.

Iyaye da yayye, ku ma da ku nake. "Har yanzu shiru?" kullum da safe, da "ɗan gidan Alhaji wane har ya fara kawo buhun shinkafa", wallahi yana karya yaro fiye da imel ɗin kamfani. Ƴan mata kuma nasu biyu ne, a tambaye su aiki a tambaye su miji. In kun ga yaro ya daina fita masallaci ya kulle kansa a ɗaki ba ci ba barci, ba shagwaɓa ba ce, ku zauna da shi, in abin ya yi tsanani a kai shi ya ga likita, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa na nan kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. In kuma ya ce zai bi wani shago a Kasuwar Gumi ko Panteka kafin a kira shi ku sa masa albarka, ai kasuwancin ya karanta.

Allah ya buɗa wa kowa ta hanyar halal.