Masu cewa “a danna musu nukiliya”, ku ɗan saurara

’Yan uwana matasa, akwai wata ɗabi’a da ta shigo mana wadda ta daɗe tana sosa mini rai. Da zarar ƙasashe biyu sun fara nuna wa juna yatsa, sai mu rabu gida biyu kamar magoya bayan ƙwallo. Wannan ya ɗora bidiyon makami mai linzami yana keta sararin sama, wancan ya mayar da martani da jerin jiragen yaƙi, can sai ka ga wani ya rubuta, “Kawai a danna musu nukiliya a huta!” Har da alamar dariya. Shi kuwa mai rubutun, da tayar mota za ta fashe kusa da shi, sai an neme shi an rasa.

Don Allah mu san abin da muke kira da bakinmu. Ranar 6 ga Agusta 1945, da ƙarfe takwas da kwata na safe, Amurka ta saki bam ɗin nukiliya guda ɗaya tak a kan birnin Hiroshima na ƙasar Japan. Kafin shekarar ta ƙare, mutum wajen 140,000 sun mutu, wasu nan take, wasu bayan makonni ana jinyar ƙuna, gashi na zuba, jini na fita ta dasashi. Akwai wani da ke zaune a matakalar banki yana jiran a buɗe. Zafin ya ƙone fuskar dutsen ya yi fari, sai gurbin da ya zauna ya rage baƙi kamar inuwa. Har yau dutsen yana gidan tarihi na birnin. Kuma wancan bam ɗin jariri ne a kan na yanzu, waɗanda yawansu ya kai kusan 12,000 a hannun ƙasashe tara, mafi yawansu na Rasha da Amurka.

Ba cewa nake ƙasa ta zauna hannu rabbana ba. Tsaro wajibi ne, wanda bai tsare gidansa ba wani zai tsare masa, ya kuma kwashe abin da ke ciki. Abin da nake ƙi shi ne yadda muke auna ƙarfin soja da hoton fareti. A watan Yunin 2014, sojojin Iraƙi da aka kashe wa biliyoyin daloli, ga tankoki ga motocin sulke ƙirar Amurka, suka watse suka bar birnin Mosul ga mayaƙan ISIS da ba su kai su yawa ba ko kusa. Bayan ’yan watanni Firaminista Haidar al-Abadi ya fito ya ce an gano sojojin bogi 50,000, sunaye a takarda, albashi a aljihun manya. To, ina amfanin tanka idan wanda zai tuƙa ta babu shi sai a rajista? In da gaske harkar tsaro na burge ka, koyi karanta kasafin kuɗin soja, ka tambayi ko ƙaramin soja na samun haƙƙinsa a kan lokaci, ko akwai kayan gyara, ko wa ke bin sawun kwangilar makamai. Aikin ba daɗi, ba ya kawo mabiya, na sani.

Amma mutumin da nake so ku riƙe sunansa shi ne Stanislav Petrov, laftanar kanar na Tarayyar Sobiyet. Daren 26 ga Satumba 1983 yana bakin aiki a wata cibiyar sirri kusa da Mosko, inda ake sa ido kan sansanonin makaman Amurka ta tauraron ɗan Adam. Zaman ɗar-ɗar ake, domin makonni uku kafin nan Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu, mutum 269 suka hallaka. Tsakar dare jiniya ta ɗauka, allo ya nuna an harbo makami daga Amurka. Sai na biyu, sai na uku, har biyar. Ƙa’ida ta ce ya kai rahoto sama cewa hari ya taso, kuma mintuna kaɗan shugabanni ke da su kafin su yanke shawarar ramuwa.

Petrov ya tsaya ya yi tunani, ana ta ihu a kansa. In Amurka ta ƙudiri yaƙi, da ɗaruruwa za ta fara, ba da biyar ba. Ga shi radar ta ƙasa ba ta ga komai ba. Ya ɗaga waya ya ce na’ura ce ta yi kuskure, alhali shi kansa bai da tabbas. Ya zauna yana jira, minti na bin minti, babu abin da ya faɗo. Daga baya aka gano hasken rana ne ya haska saman gajimare ya ruɗi tauraron.

Ka kwatanta shi da mu, da ko saƙon ƙarya ba ma iya riƙewa minti ɗaya ba mu tura ba.

Kada ku zaci an yi masa kambun girma. Tuhumarsa aka yi don bai cike littafin aiki yadda ya kamata ba a daren. Ya ba su amsa cewa waya na hannu ɗaya, na’urar magana da ma’aikatansa na ɗayan, kuma ba shi da hannu na uku. Ya rasu a 2017 a wani ƙaramin gari kusa da Mosko, sai bayan watanni duniya ta samu labari.