Oga ya ɓata maka rai, ƙwallo ta ƙara, iyali suka sha

'Yan uwana matasa, musamman mu da muke fita tun da sassafe neman abin sakawa a bakin salati, akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, kuma ni ma ban tsira ba.

Ka wuni wurin aiki oga yana ta faɗa a kan abin da ba kai ka ɓata ba. Albashin kuma tun kafin 20 ga wata ya ƙare. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, to amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya isa ya cinye kaso mai tsoka. Ka taso da wannan ƙunci a ƙirji, sai ka ce bari ka je gidan kallo ka huce.

To, wane hucewa? Mai gidan kallo ya ƙara kuɗin shiga, shi ma da hujjarsa: DStv sun ƙara kuɗi, man janareta ya yi tsada. Ka biya, ka matsu a benci cikin zafi da hayaƙin sigari. Ana tsakiyar wasa inji ya mutu. Da aka tayar da shi, an riga an zura wa ƙungiyarka biyu. Wasan Zakarun Turai galibi ba ya farawa sai takwas ko tara na dare, kafin a tashi a gama musu sha ɗaya ta wuce. Wasu ma Isha'i a nan take wuce su.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Ka shigo gida fuska a murtuƙe, uwargida ta ce sannu da zuwa ka yi mata tsawa, yaron da ya ƙi barci yana jiran babansa ya sha mari a kan ya taɓa rimot. Wannan ai an dake ka a kasuwa ka zo gida kana rama wa. Ɗan wasan da ya ɓarar da fanaretin yana can Landan ko Madrid, abin da yake ɗauka a mako ɗaya ba za ka tara shi a shekara ashirin ba, kuma bai san da zamanka ba. Ita kuwa wadda ta ajiye maka tuwo a kula, me ta yi?

Ko a nan gida mun ga inda fushin kallo ke kai mutane. Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Amma a 2022, bayan rikicin magoya baya a wasa da Katsina United, aka ci tarar ƙungiyar, aka cire mata maki, a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na ƙasa. Masu cewa "Sai Masu Gida" da kansu suka taimaka wajen rushe gidan. Mutum ya yi layi a filin wasa na Ƙofar Mata, ya sayi tikiti da guminsa, sannan ya ɗauki dutse.

Ban ce a daina kallo ba, ni ma ranar Asabar ina can. Amma na sa wa kaina doka: wasa ɗaya a mako, kuɗinsa a ware tun farkon wata, caca kuwa ko da wasa. Ranar da oga ya ɓata mini rai sosai, ba na zuwa ko da wasan ƙarshe ne. Gida nake wucewa, in yi wanka, in ci abinci da yara, sakamakon in ji shi a rediyo da safe.