Kafin ka ce albashi ba ya isa, nemo biro

Albashi ba ya isa, wannan kam babu musu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuma naira dubu 70 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba ta kai mai iyali ko'ina. Amma tambayi mai wannan kukan nawa ya kashe a watan jiya kan abin da ba dole ba, sai ya ce "ai ba wani abin kirki ba ne". Kuɗin haya ya san shi har kwabo, kuɗin makarantar yara ma haka. Inda lissafi ke kufce masa shi ne ɗari biyar-biyar. Ɗari biyar kullum dubu 15 ce a wata, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na wancan albashin, a shekara kuwa naira 182,500. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Ni a ganina, masu fara tsimi da zana kasafin wata sun fara daga wutsiya. Kasafi buri ne, mutum kan rubuta yadda yake so ya kasance. Abin da ake buƙata da farko shi ne shaida a kan yadda kake a zahiri, kuma kwana 30 sun isa a tara ta.

Samu ɗan littafin da zai shiga aljihun riga. Ja layi huɗu: rana, abin da ka saya, nawa, dalili. Layin dalilin nan shi ne ƙashin bayan aikin, kalma ɗaya kawai za ka sa, ko yunwa, ko kwaɗayi, ko kunya, ko gajiya, ko zaman banza. Rubuta nan take, in ya gagara to bayan Isha'i kafin ka kwanta. Abin da ya kwana ba a rubuta ba, da safe ƙwaƙwalwa za ta rage masa farashi. Kuma a watan farko kada ka rage komai. Wanda ya fara matse hannu ranar da ya sayi littafi zai rubuta watan ƙarya, ya ƙare bai gano inda rijiyar take yoyo ba.

Me ake kira ba dole ba? Gwajin mai sauƙi ne. In aka bar shi mako guda, akwai wanda zai kwana da yunwa a gidan, ko a koro yaro daga makaranta, ko aiki ya tsaya, ko ciwo ya ƙaru? In babu, shiga da shi littafi. Wasu abubuwan sai an raba su biyu. Kuɗin adaidaita zuwa aiki dole ne, amma in ka ɗauki shata saboda ka makara wajen barci, bambancin da ke tsakani na littafi ne. Haka data. Shiga saitin wayarka ka ga wace manhaja ta fi cinye ta, in TikTok ce a sama to ba aiki ya cinye ba.

Kuɗin hannu sai da ƙirga. Duba aljihu da safe, duba da dare, ka cire abin da ka rubuta. Gibin da ka kasa bayaninsa sa masa suna "ɓata", kada ka ƙirƙira masa dalili. In ɓata ta haura kashi ɗaya cikin goma na abin da ka kashe a mako, kana jinkirin rubutu ne.

Tiransifa ta fi haɗari, don ba ka jin zafin rabuwa da takarda. Tsiren dubu uku da za ka yi tunani sau biyu in a hannu za ka ƙirga, da yatsa ɗaya yake wucewa a OPay ko Moniepoint. Duk ƙarshen mako bi tarihin asusunka layi-layi ka gwada da littafi. Nan za ka ci karo da su cajin banki gwargwadon abin da ka tura, da harajin naira 50 da ke hawa kan dubu goma zuwa sama, da ladan mai POS. Cire dubu biyar sau huɗu a mako, kowane da cajinsa, ya fi tsada a kan zuwa sau ɗaya.

Sai babban ramin, biki. Ware masa shafinsa daban: anko, ɗinki, lalle, gudunmawa, liƙi, kuɗin mota. Zumunci wajibi ne, zuwa ɗaurin aure da kai gudunmawa daidai ƙarfi duk suna ciki. Anko na uku a wata ɗaya kuwa, duba layin dalili, "kunya" za ka gani. Bukukuwa kan taru gab da azumi da bayan sallah, don haka wata ɗaya ba zai nuna maka nauyinsu ba, sai ka yanka musu iyaka ta shekara. Hidimar iyaye da sadaka ba su shiga wannan littafi, kada tsimi ya zama rowa.

Littafin da ba mai gani sai kai yana saurin mutuwa. Nemi mutum ɗaya, matarka, mijinki, ko abokin da ba ya cin bashinka, ku zauna minti goma duk Juma'a ka karanta masa jimlar mako. Ba sai ya yi maka wa'azi ba, sanin cewa za ka furta "balangu dubu tara" da bakinka ya isa birki. Wani kuskure da magidanta ke yi, su mayar da littafin abin binciken kuɗin cefane, a tsare uwargida kan naira ɗari ta daddawa alhali shayi da ƙwai na majalisa ba su taɓa hawa takarda ba. Fara da aljihunka tukuna.

Bayan kwana 30 tara kowane rukuni, ka zaɓi biyu mafi girma kawai. Yanka musu kuɗin mako, sa a ambulan, in ya ƙare ranar Laraba ya ƙare ke nan sai Asabar. Kada ka mayar da su sifili, wanda ya haramta wa kansa komai kan rama a mako na uku. Tsaka-tsakin da aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yaba shi ake nema. Abin da ka rage kuma fitar da shi daga asusun da kake taɓawa a ranar da albashi ya shigo, ko zubin adashi wajen uwar adashin da aka sani, ko masara da shinkafa da kaka lokacin da suke araha.

In ka tsallake kwana biyu ba ka rubuta ba, kada ka cike gurbin da kintace. Ja layi, rubuta "babu bayani", ka ci gaba daga yau.