Macijin Haijiya ba dafi yake zubawa ba

Mutane da yawa suna ganin tambarin maciji da kofi a kantin magani, sai su ce dafi yake tsiyayawa don a haɗa magani. Fahimtar tana da dalili, tunda ana sarrafa wasu magunguna daga dafi, amma kuskure ce da ya kamata a daina yaɗawa.

Tambarin ya samo asali ne daga Haijiya, gunkiyar lafiya ta tsoffin Girkawa, 'yar Askilifiyos, gunkinsu na warkarwa. A sassaƙe-sassaƙensu ciyar da macijin take yi: yana nannaɗe da hannunta ko kafaɗarta, ya miƙa kai cikin faffaɗan kwanon da ta riƙe. Haka Rumawa suka buga ta a kuɗaɗensu da sunan Salus. Macizan da ake ajiyewa a haikalin Askilifiyos da ke garin Efidauros na ƙasar Girka ma marasa dafi ne, kuma saɓar da maciji yake yi ce ta sa ake danganta shi da sabuntuwar jiki.