Wa ke daka da dare a tsohon Maradi?

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta barin mu gangara fadama bayan magariba. Wai idan dare ya tsala ana jin lugude a can, in ka bi amon taɓarya sai ka tarar ba kowa, garka ce kawai da duhun mangwaro. "Mutanen tsohon gari ne," in ji ta, "su ba su yarda an tashi ba." Mukan yi dariya, amma ko jika aka ba ni ba na zuwa.

Sai da na girma na gane abin da tsohuwa ke riƙe da shi. Maradi ta farko can ƙasa take, bakin Gulbi, inda Katsinawan da jihadi ya raba da birninsu a 1807 suka sake kafa sarauta a hannun Ɗan Kasawa. Ambaliyar 1945 ta ci garin, Nasara suka hau da jama'a tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu. Unguwannin Bagalam, Mokoyo da Limanci sun taho da sunayensu, amma rijiyoyi da kushewun iyaye ba su ɗaukuwa a ka. Wannan tashin, ban fara jin sa a lakwal ba. A bakin kaka na ji shi, da sunan fatalwa.

Shi ya sa nake ganin asara ce mu bar irin waɗannan labarai su bi tsofaffi. Ku saurari direbobin hanyar Ɗan Isa kan kyakkyawar macen nan mai tsayar da mota cikin dare, in an duba ƙafa sai a ga kofato. Labarin hanyar da ta sha cin rayuka ne. Raɗe-raɗin attajirin da aljani ke kawo wa kuɗi kuwa, a garin da gyaɗa da fataucin kan iyaka suka yi Alhazai, ai tambaya ce talaka ke yi a sakaye: ina aka samo?

Na san malamai za su ce kada a buɗe wa shirka ƙofa, kuma suna da hujja. Akwai ma labarin da ya kamata a kashe, irin wanda ke mayar da tsohuwa marar gata mayya. Sai dai rubuta abu daban, bauta masa daban. Ta yaya za a ba da tarihin fadar Maradi a tsallake Iya, ko na Tibirin Gobir a tsallake Inna, alhali su ke shugabantar 'yan bori? Sunan Doguwa, aljanar nan ta bori, dole ya fito.

Aikin bai fi ƙarfin ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ba: wayar salula, goro, da haƙurin zama kan tabarma. Su yi hanzari dai, don yarinyar da ke da shekara goma ranar da ruwa ya shigo gari, yanzu ta kai casa'in.