Madara ba ta wanke huhu

Maganar ƙurar katako ta shafi kafintocinmu na Katsina, amma ta fi shafar irinmu da muka ɗauki aikin katako abin sha'awa: ma'aikaci ya sayi ɗan injin yanka da na goga, ya kafa a garejin gidansa yana taɓawa Asabar da Lahadi. Kafintan bakin titi a fili yake aiki, iska na rage masa. Mu kuwa ƙofa muke ja mu rufe don kada ƙara ta dami maƙwabta, sai mu shaƙe abinmu gaba ɗaya.

Abin da muke kira datti shi ne dusar katako, wadda masu kaji ke zuwa kwasa a buhu. Ita ba abin tsoro ba ce, tana da nauyi, ƙasa take faɗuwa. Ƙurar samfefa ce mugunyar. Ka gama goge falanki da la'asar, ka tsaya ka dubi hasken da ke shigowa ta taga, za ka gan ta tana yawo ba ta da niyyar sauka. Wadda ido ba ya gani ta fi wannan yawa. Kaurin gashin kai wajen maikiron 70 ne (maikiron dubu ne milimita ɗaya), ƙurar da ba ta kai maikiron 10 ba kuwa wuce hanci take, mafi laushinta har can ƙasan huhu. Ka kashe inji ka zauna shan shayi, tana nan cikin iskar ɗakin.

Tun 1995 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Faransa, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta cikin hanci, kuma sai an shekara da shekaru take bayyana. Kafin a je nan akwai asma. Katakon obeche da na iroko, da ake kawo mana daga Kudu, duk an san su da tayar da ita. Sai MDF, wanda yanzu kusan duk gadon amarya da wadirob da shi ake yi. Garin katako ne aka matse da gam mai sinadarin formaldehyde, in ana yanka shi ƙurarsa kamar fulawa take tashi. A Ingila doka ba ta yarda ƙurar katako mai tauri ta wuce miligiram 3 a kowace kubik mita ta iska ba, a aikin awa 8. Mu nan gira da gashin baki sai sun yi fari kafin a ce yau an yi aiki.

Da mutum ya fara tari sai a ce hunturu ne. To, hazo na da nasa laifin, amma tarin da ke lafawa a hutun Sallah ya dawo ranar da aka koma aiki, wannan na shago ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar madara. An tashi aiki, maigida ya aiki yaro ya sayo gwangwani, a huda a shanye, wai ta wanke ƙirji. Malam, madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu ta shiga. Hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Ka sha don daɗi, ban hana ba.

A ganina, duk wanda ke tara kuɗin inji na biyu ya fara sayen na zuƙar ƙura, ya haɗa bututunsa da bakin injin goga, a kama ta tun daga inda take fita. In babu hali, a fitar da aikin goga tsakar fili, ko a buɗe ƙofa a sa fanka ta bayanka tana kora ƙurar waje. A daina hure benci da kwamfuresa, a yayyafa ruwa kafin shara. Rigar aiki kuma a tuɓe ta a gareji, kada ka shiga da ita ka ɗauki jariri.

Takunkumin asibiti, shuɗin nan da muka saba da shi lokacin korona, gefensa a buɗe yake, rawani ko hankici ma haka. A nemi takunkumi mai tace ƙura da ake kira N95, a matse ƙarfen hancin sosai. Masu gemu, ban ce ku aske ba, amma ku sani takunkumi ba ya kama fuska mai gashi yadda ya kamata, don haka ku kuka fi kowa buƙatar injin zuƙa da buɗaɗɗen wuri.

Iyayen gidanmu kafintoci, ku yi haƙuri da ni. Wa ake miƙa wa samfefa a shago? Ƙaramin yaron da aka kawo koyon aiki, wanda huhunsa bai gama ƙwari ba, shi ke wuni yana goga, shi ne kuma mai shara da yamma. Uban da ya kawo shi amana ya ba ku. In tarinsa ya wuce sati biyu a kai shi asibiti, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati, kuma a gaya wa likita aikin da yake yi tun kafin ya tambaya.