Olsa tana warkewa, ciwon sukari lallaɓa shi ake yi

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Birmingham ta Ingila, kuma da wuya in kira gida Gwammaja mu gama waya ba a taɓo zancen magani ba. Hajiyarmu olsa ce ke damunta, Gwaggo kuma ciwon sukari. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a Kano mun juya cututtukan nan biyu. Olsar da ake warkewa mun ɗauke ta abokiyar zama har kabari, sukarin da sai an bi shi a hankali kuma muna neman wanda zai kore shi da jarka ɗaya.

Hajiya ta fi shekara goma tana shan farin maganin ruwan nan na kemis, tana haɗawa da omeprazole mai rage asid ɗin ciki. Ta bar yaji, ta bar ƙosai, azumi ma da fargaba take yi. A cikin ledar magungunanta da ke ƙarƙashin filo akwai diclofenac na ciwon gwiwa, kullum sai ta sha, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata cewa shi da ibuprofen suna cin bangon ciki. Sai da na zo nan na ji cewa yawancin olsa wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, Helicobacter pylori. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, har kyautar Nobel suka samu a 2005 saboda gano haka. A nan idan ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gwajin bayan gida ko na numfashi ake yi. In an ga ƙwayar, a ba ka magungunan kashe ta kala biyu tare da irin su omeprazole, ka sha na mako ɗaya ko biyu. Mutane da yawa daga nan suke rabuwa da ita.

Labarin Gwaggo ya fi taɓa ni. Likita ya ɗora ta a kan maganin sukari metformin, ya riƙa sa ta tashin zuciya da gudawa. Ba ta san ana shansa da abinci ba, ba ta san akwai irin da ke narkewa a hankali wanda ya fi sauƙi ga ciki ba. Sai ta ji wani mai lasifika a bakin kasuwa yana cewa kwana arba'in sukari zai tafi. Ta saya, ta ajiye na asibiti. Bayan watanni ƙaramin ciwo ya fito mata a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Na ce, "Gwaggo, don Allah me ya sa kika daina?" Ta ce, "Ɗan nan, wancan fa har abada aka ce."

Ba na ganin laifinta. A Ingila mai ciwon sukari da ke shan magani ba ya biyan kuɗin magani ko sisi, kuma asibiti ne ke aiko masa takarda ya zo gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarin ya kasance a wata biyu zuwa uku, a duba masa ido da ƙafa. Ganin likita a nan ma akwai jira, amma ba a barin ka da Allah-ya-kyauta. A Kano muna da ƙwararru a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, sai dai kowane gwaji daga aljihunka zai fito, mai allurar insulin kuma yana ajiye ta gindin randa saboda babu wuta.

Masu kemis nake roƙo, tunda su mutane suka fi gani. Wanda ya dawo sayen maganin olsa karo na biyar, a ce masa ya je gwaji, a tambaye shi ko yana shan maganin ciwon jiki. Na tura kuɗin gwajin Hajiya jiya, ƙanwata za ta kai ta ranar Litinin, na kuma ce ta tafi da ledar nan gaba ɗaya likita ya gani.